Kafin a ce masa "sai haƙuri"

Shekara biyu ke nan da wani abokina ya rasa ɗansa, yaro ɗan shekara huɗu, bayan zazzaɓin 'yan kwanaki. Na zauna tare da shi a tabarmar makoki a ƙofar gida tun daga dawowa maƙabarta har ranar sadakar uku. Jama'a sun yi masa kara ƙwarai. Ayari-ayari ake zuwa, a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, a ce "ya muka ji da haƙuri?", ya amsa da godiya ga Allah. Wasu kan ƙara da cewa ai da sauran ƙuruciyarsa, Allah zai ba shi wani. Wani dattijo da ya ga idonsa ya kaɗa sai ya dafa shi ya ce, "Haba, kai fa namiji ne."

Bayan wata biyu muna hira, sai ya gaya mini cewa cikin ɗaruruwan mutanen nan maganar mutum ɗaya ce ta zauna masa a rai, wato mai shayin bakin layinsu. Bawan Allah bai yi doguwar addu'a ba. Tsugunawa ya yi kusa da shi ya ce, "Malam, yaron nan kullum da safe sai ya zo ya tsaya mini har sai na yanka masa bakin burodi. Har yanzu in na ɗauki wuƙa sai in ga kamar zai ɓullo." Abokina ya ce a nan ya fashe da kuka karo na farko, kuma a daren ne ya fara samun barci.

Akwai wani reshe na ilimin sadarwa da ya duƙufa a kan wannan tambaya ɗaya: wace magana ce ke rage wa mai damuwa nauyi, wacce ce ke ƙara masa? Wanda ya fi shahara a fagen shi ne Brant Burleson, malami a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ta Amurka, wanda ya yi kusan shekara talatin yana nazarin kalaman lallashi kafin rasuwarsa a 2010. Ya jera kalaman nan bisa tsani mai hawa tara, kuma ma'auninsa guda ne: har ina maganar ta kula da abin da mutumin yake ji a ransa? A ƙasan tsanin akwai kalaman da ke tsawata wa mutum a kan damuwarsa, ko su nuna masa bai kamata ya ji abin da yake ji ba, ko su gaya masa yadda ya kamata ya ji. "Kai fa namiji ne" nan ne mazauninta. A tsakiya akwai jaje, da ƙoƙarin ɗauke masa hankali zuwa wani abu, da kawo masa dalilin da ya sa abin ya faru. A can sama kuwa akwai maganar da ke ambatar baƙin cikin da sunansa, ta nuna wa mai shi cewa yana da hujjar jinsa, sannan ta buɗe masa ƙofa ya yi magana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayanin da Burleson da abokiyar aikinsa Daena Goldsmith suka bayar a 1998 na yadda lallashi ke aiki. A ganinsu, kalmar mai lallashi ba ƙwayar magani ba ce da za a haɗiya zafi ya tafi. Damuwa tana tasowa ne daga yadda mutum ya fassara abin da ya same shi, kuma ba ta sassautawa sai shi da kansa ya sake duban al'amarin da wani ido. Wani ba zai yi masa wannan ba. Iyakar abin da mai lallashi zai iya shi ne ya sa mutumin ya saki jiki ya ba da labarin, domin a cikin ba da labarin ne tunani ke warwarewa. A 2006 Susanne Jones da John Wirtz suka gwada wannan da ɗalibai. Kowane ɗalibi ya faɗi wani abu da ya dame shi ga wani mai sauraro da aka horar a asirce ya yi magana daga ƙasa, ko tsakiya, ko saman tsanin. Waɗanda suka haɗu da mai sauraron saman tsani sun fi buɗe baki game da abin da ke ransu, sun fi sake duban matsalarsu, kuma sun tashi da sauƙin zuciya. Mai shayin nan bai san da Burleson ba, amma abin da ya yi ke nan: ya ambaci yaron a wurin da kowa ke kewaye sunansa.

Tun kafin wannan, a 1986, Darrin Lehman da John Ellard da Camille Wortman sun tattauna da mutum 94 a Amurka waɗanda suka rasa ɗa ko miji ko mata a haɗarin mota shekara huɗu zuwa bakwai da suka wuce. Suka tambaye su me ya taimake su, me kuma ya ɓata musu rai. Abubuwan da suka taimaka su ne samun damar faɗin abin da ke cikinsu, da haɗuwa da wanda irin wannan rashi ya taɓa samu. Waɗanda suka ɓata rai kuwa su ne shawarar da ba a nema ba, da gaggauta musu su manta, da raina girman rashin. Sai masu binciken suka tambayi wasu mutanen da ba a yi wa rasuwa ba me za su yi wa mai makoki. Abin mamaki, amsoshinsu sun yi daidai da abin da masu makokin suka ce yana taimakawa. Ashe mutane sun san abin da ya dace. Abin da masu binciken suka zata shi ne, idan mutum ya tsaya gaba da gaba da mai kuka, shi ma fargaba ke kama shi, sai ya jawo maganar da za ta rufe zancen da sauri. Na yarda da wannan, domin na sha jin haka a ƙirjina. Sau da yawa "ka yi haƙuri" da muke faɗa, kanmu muke cetowa daga nauyin zaman.

Duk da haka, ban ɗauki binciken nan dungurungum na aza wa Bahaushe ba, kuma ina da dalili. Mafi yawansa a kan ɗaliban jami'o'in Amurka aka yi shi. Matsalar ta game fannonin nazarin ɗan Adam: a 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, kashi 68 daga Amurka kaɗai. Sannan sau da yawa takarda ake ba ɗalibi mai ɗauke da kalaman lallashi iri-iri a ce ya zaɓi wanda ya fi. Da Andrew High da James Dillard suka tattara sakamakon irin waɗannan nazarce-nazarce a 2012, sun ga cewa lallai kalaman saman tsani sun fi, amma fifikon ya fi girma a bakin masu yi wa magana maki a kan yadda yake a jikin wanda aka lallasa da gaske. Magana mai daɗin karantawa daban, wadda ke sa mutum barci daban.

Akwai kuma batun al'ada. Heejung Kim da David Sherman da Shelley Taylor sun nuna cewa mutanen Gabashin Asiya, da 'yan asalin yankin mazauna Amurka, ba su cika fitowa fili su nemi a lallashe su ba, don gudun ɗora wa nasu nauyi ko zubar da mutunci. Sun fi amfana da kasancewa cikin danginsu ba tare da an tono matsalar ba. Duk wanda ya san kunya da kawaici irin namu zai ga kansa a nan. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba za ka zaunar da ita ka ce ta zayyana maka yadda take ji ba.

Nazarin da na fi so a wannan ɓangare shi ne na Niall Bolger da abokan aikinsa a shekarar 2000. Sun bi gidaje 68 na ma'aurata da masu zama tare, inda ɗaya ke shirin jarrabawar zama lauya ta jihar New York. Kowane dare kowa na rubuta abin da ya faru: ɗaya ya ce ko ya taimaka, ɗayan ya ce ko an taimake shi. Taimakon da ya fi rage wa mai jarrabawa ƙunci shi ne wanda mai bayarwa ya ce ya bayar, amma mai karɓa bai ma lura ba. Taimakon da aka yi a bayyane yakan zo da nasa nauyin, domin yana tuna wa mutum cewa an ga gazawarsa. A wannan fage ba mu da abin koyo a wurin kowa. Kwanon abincin da maƙwabciya ke aikowa gidan rasuwa, da ɗan'uwan da ke biyan kuɗin makarantar marayu bai faɗa wa kowa ba, da mutanen da ke zaune a tabarma shiru daga safe har la'asar, duk wannan ne. Asalinsa ma a addini yake: da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Manzon Allah (SAW) ya ce a yi wa iyalinsa abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya zo musu.

Inda muke da rauni shi ne sauraro, kuma kalmar haƙuri ce muke fakewa da ita. Ba na raina kalmar. A gidan mutuwa addu'a ce, tunatarwa ce ga mumini, kuma tana ba wanda ya rasa abin faɗa abin riƙewa. Sai dai kalma ɗaya ce muke amfani da ita ga wanda aka yi wa rasuwa, da wanda aka kora daga aiki, da matashin da ya gama hidimar ƙasa shekara biyar yana zaune, da matar da ta zo gidan iyayenta da kumburin fuska. Ita wannan ta ƙarshe, kafin ta ajiye mayafi an ce mata, "Ki yi haƙuri ki koma ɗakinki, aure ɗan haƙuri ne." Ba wanda ya tambaye ta me ya faru, tun yaushe, ko tana jin tsoro. Wannan haƙurin ba addu'a ba ne, umarni ne na yin shiru. Bincike a kan ba da shawara, kamar wanda Bo Feng ta wallafa a 2009, ya nuna cewa an fi karɓar shawara idan aka fara da kwantar da hankali, aka bi da tambayar yadda matsalar take, sannan shawarar ta zo a ƙarshe. Mu kuwa da ta ƙarshen muke farawa, mu tsaya a nan.

Masu cewa nuna baƙin ciki raunin imani ne su sake duba Suratu Yusuf. Annabi Yaƙuba (AS) shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Waɗanda suka ce masa ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka, 'ya'yansa ne da suka jefa yaron a rijiya. Haka nan lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargara, hawaye suka zubo masa, Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har da kai ya Manzon Allah? Ya amsa masa cewa rahama ce, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A cikin maganar nan an kira baƙin ciki da sunansa tukuna, sannan aka miƙa wuya. Dattijon da ya ce wa abokina "kai fa namiji ne" da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ba daga nan ya samo ta ba.

Yanzu kuma wayar hannu ta ƙara rage mana zaman. A zaurukan WhatsApp ana sanar da rasuwa, mutum hamsin su turo addu'a iri ɗaya da aka kwafo, wasu ma hoto kawai. Ba laifi ba ne, addu'a ce. Amma bayan arba'in, lokacin da baƙi suka watse, tukwane suka koma gidajen masu su, ba a cika samun wanda zai kira ya ce "ya dare yake zuwar miki?" ba. Mutanen da Lehman ya tattauna da su shekaru bayan haɗari suna tuna kalaman da aka gaya musu.

Muna da tsangayar sadarwa a Jami'ar Bayero ta Kano, da sassan aikin jarida da na Hausa a Zariya da Sakkwato da sauran jami'o'inmu, ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ina so in ga ɗalibi ya bar nazarin kanun jaridu na ɗan lokaci ya ɗauki wannan aiki da Hausa, a cikin gidajen Hausawa. Ɗaliba mace za ta fi samun shiga. Ta je wurin matan da suka fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, da iyayen da suka binne 'ya'ya, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu suke zaune a makarantun firamare da kangwaye, ta yi musu tambayoyi biyun nan na 1986: cikin duk abin da aka faɗa miki, wanne ya sanyaya miki rai, wanne ne har yau in kin tuna yake yi miki ciwo? Mai yiwuwa amsar ta bi tsanin Burleson, mai yiwuwa ta karya shi, ta nuna cewa a wurinmu zama shiru kusa da mutum ya fi kowace magana, ko cewa "ya haƙuri" daga bakin uwa tana ɗauke da abin da ba ta ɗauke da shi daga bakin baƙo.