Yaran da ke wasan mashin a titunan Bauchi, a ba su fili da doka

Duk wanda yake zaune a garin Bauchi ya san abin da ke faruwa ranar kai amarya ko yammacin sallah. Yara ƴan shekara 14, 15, wasu ma da ƙyar ƙafarsu take taɓa ƙasa, su ɗauko Boxer ɗin yayansu ko roba-robar babansu su cika titi tun daga Wunti har Gidan Mai, wannan ya ɗaga kan mashin sama, wancan ya saki hannu, wani ya kwanta a kan sit yana ta ba ta wuta, ba hular kwano ba takalmin kirki, silifas ne kawai a ƙafa. Mu kuma manya abin da muka iya shi ne faɗa da Allah ya shirya. In an kama yaro a ƙwace mashin, uban ya je ya ba da haƙuri ya karɓo, bayan sati biyu an koma gidan jiya. Wallahi abin yana ci mini rai, don yaran unguwarmu ne, wasu mun je sunansu. Ni dai ra'ayina, kuma na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, yaran nan fili ya kamata a ware musu, a kafa musu gasa mai doka wadda ake yi kaka guda cur ana tara maki.

Akwai wata gasar yara da nake bi a intanet, sunanta Red Bull MotoGP Rookies Cup, tun 2007 ake yin ta a Turai. Duk shekara ana tara matasa daga ƙasashe daban-daban a gwada su, a zaɓi waɗanda suka fi iyawa, sannan kowa a ba shi mashin iri ɗaya na kamfanin KTM, inji mai siisii 250, taya iri ɗaya, makanikai na gasar ne ba na babanka ba. Ɗan mai kuɗi ba zai je ya sayo injin da ya fi na kowa ya zo ya wuce ɗan talaka ba, hannunka da kanka ne kawai za su fisshe ka. Kuma a filayen da manya suke tsere ake kai su, irin su Jerez a Sifen da Mugello a Italiya da Assen a Holan, a ƙarshen makon da manyan suke nasu, don masu ƙungiyoyi su gan su da idonsu.

Ku duba waɗanda suka fito daga cikinta. Johann Zarco na Faransa shi ya ci ta farko a 2007. Jorge Martín ya ci a 2014, kuma shi ne ya zama zakaran duniya na MotoGP, wato babban ajin tseren babura na duniya, a 2024. Pedro Acosta, wanda babansa masunci ne a gaɓar tekun Sifen, ya ci a 2020 yana ɗan shekara 16, shekarar da ta biyo baya ya ɗauki kofin duniya na ajin Moto3, wato ajin ƙananan mashina, a kakarsa ta farko. Kada ma wani ya ce ai abin na Turawa ne, Brad Binder daga Afirka ta Kudu ya taso, ya bi ta wannan gasar, ya ci kofin duniya na Moto3 a 2016. A Asiya ma an kafa irinta a 2014 da mashinan Honda, daga nan Somkiat Chantra na Tailan ya fito har ya kai MotoGP a 2025.

Amma ni ba kofin ne ya fi jan hankalina ba, lissafin makin ne. Wanda ya zo na ɗaya maki 25, na biyu 20, na uku 16, haka ake ta raguwa har na 15 da yake samun maki 1. Wanda ya faɗi bai ƙarasa ba kuwa ba shi da komai, ko da shi ne a gaba tun daga farko har kwanar ƙarshe. Kuma tseren ba ɗaya ba ne, daga bazara ake farawa ana yawo fili-fili wata da watanni, galibi tsere biyu a kowane wuri. To ka ga yaro mai zafin kai da yake ganin dole sai ya wuce kowa a kwanar farko, in ya sha ƙasa sau biyu sau uku ya duba allo ya ga wani da kullum yake zuwa na uku ko na huɗu ya ba shi rata mai nisa, ba sai an yi mishi wa'azi ba, da kanshi zai koyi inda ake taka birki, ya koyi bin bayan mutum yana jira har dama ta samu, ya gane cewa yau in na biyar ne rabonsa gara ya karɓa ya kai mashin gida lafiya. A titi fa? A titi wanda ya fi kowa ganganci shi ake yi wa tafi, shi ake ɗauka a waya a watsa a TikTok, wanda ya yi a hankali a ce mishi matsoraci. Mun bar yaranmu a inda ake ba da lada a kan wauta, sannan muna mamakin suna yin ta.

Ba zan ɓoye ba, tseren mashin yana kashe mutum ko a inda aka fi kowa tsari. A 2021 kaɗai an rasa matasa uku, Jason Dupasquier ɗan shekara 19 a Mugello, Hugo Millán ɗan shekara 14 a filin Aragon, da Dean Berta Viñales ɗan shekara 15 a Jerez, dukansu faɗuwa suka yi na baya suka buge su. Abin da hukumar tseren babura ta duniya ta yi bayan haka shi ne ta ɗaga shekarun shiga, ajin Moto3 daga 16 ya koma 18 tun daga 2023, ta rage yawan mashinan da ake jerawa a tseren yara, aka ƙara tsananta maganar rigar kariya mai kumbura da iska in mutum ya faɗi. Wato an zauna an duba me ya kashe yaran nan, an gyara doka. Mu a nan in yaro ya yi karo da Keke Napep ko ya shige ƙarƙashin tifa sai a yi jana'iza a yi zaman makoki, a ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne kwanan ne ya ƙare, amma addininmu bai hana mu ɗaukar mataki don kare na baya ba.

Na san za a ce ana fama da kuɗin masara da kuɗin makaranta kai kana zancen tsere. Ai ban ce a gina mana Mugello a hanyar Dass ba. Fili nake nufi na ƙasa a bayan gari, a share shi, a zagaye shi da tsofaffin tayoyi, a yi kwanoni da yawa yadda ba wanda zai samu miƙaƙƙiyar hanyar da zai yi mugun gudu. Mashinan su zama ƙanana iri ɗaya, a ajiye su a wuri ɗaya a kulle, ranar tsere a yi ƙuri'a kowa ya ɗauki wanda ya faɗo mishi. Hular kwano ta gaske, ba irin wadda mutane suka riƙa ɗorawa a ka don gudun kamu lokacin da aka tsaurara dokar a 2009 ba, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu da abin kare gwiwa. Motar asibiti a tsaye kafin a tayar da inji ko ɗaya. Uba ko wanda yake riƙe da yaro ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Yaron da ba ya zuwa makaranta ko wurin koyon sana'a ba zai hau ba, wanda kuma aka gani yana wasa a kan kwalta a cire mishi maki, in ya sake a kore shi sai kaka mai zuwa. Wannan dokar ta ƙarshe ita ce za ta yi aikin da kame bai yi ba, don yaron da yake na biyu a teburin maki saura tsere biyu ba zai yarda ya zubar da wahalarsa saboda rakiyar amarya ba.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sukuwar dawaki gadonmu ce, yara ƙanana ake ɗorawa a kan doki, amma da fili da manya masu lura da lokacin da ake yi, ba wanda yake sakin doki a tsakiyar kasuwar Muda Lawal ya ce sukuwa yake.

Waɗanda nake roƙo su fara ɗaukar maganar su ne iyayen gidanmu makanikan mashin da dillalan babura da masu sayar da kayan gyara, don su suka san yaran nan ɗaya bayan ɗaya, a garejinsu ake kwance salansa a ƙara wa mashin ƙara, su suka san wane ne gwani wane ne mai hauka kawai. In ƙungiyarsu ta zauna da masu unguwanni da jami'an kiyaye haɗurra aka nemi fili daga ƙaramar hukuma, dillali ɗaya ya ba da mashin biyu wani ya ba da uku a rubuta sunan shagonsa a jiki, a fara da yara 10 ko 12 bayan damina in ƙasa ta bushe, tsere ɗaya duk bayan sati biyu har zuwa ƙarshen sanyi. Wanda yake da kusanci da shugabannin makanikai na Bauchi don Allah ya tura musu wannan rubutun, ni a shirye nake in zo zaman, kuma in an samu filin zan riƙe littafin maki.