Masu buɗe shekara da sunayen shahidansu

Mu nan sai daren 31 ga Disamba muke cika majami'a muna jiran ƙarfe 12. Kiristocin Masar kuwa, wato Kibɗawa, tun 11 ga Satumba (wata shekarar 12) suke shiga sabuwar shekarar ikkilisiyarsu, daidai lokacin da gero ke nuna a gonakinmu. Nairuz suke kiran ranar, 1 ga watan Tut. Watanninsu 13 ne, 12 masu kwana 30, sai wani ɗan ƙarami mai kwana 5 ko 6. Har gobe manoman Masar, Musulmi da Kirista, da waɗannan watanni suke lissafin shuka da girbi.

Abin da ya fi kama ni shi ne inda suka fara ƙirga. Daga shekarar 284 suka ɗauko, shekarar da Diyokiletiyan ya hau sarautar Rum, sarkin da a zamaninsa aka yi wa Kiristocin Masar kisan da ba su taɓa mantawa ba. Suka ce shekarun shahidai ke nan. A Satumban 2025 suka shiga ta 1742.

Ranar Nairuz za ka ga yara riƙe da jan dabino ɗanye, mai garas-garas a baki. Iyaye su ce musu jan bayan jinin shahidai ne, farin cikin tsabtar zuciyarsu, ƙwallon da haƙori ba ya fasawa kuma bangaskiyarsu. Wa'azi ke nan da ɗan shekara biyar zai riƙe. Kuma ba zaman makoki ake yi ba. Da muryar murna ake rera waƙoƙin sujada tun daga ranar har Idin Gicciye, 17 ga Tut.

Kada wani ya ce ai tsohon labari ne. A Fabrairun 2015 aka yanka mutum 21 a bakin teku a Libiya, 20 Kibɗawa 'yan ci-rani, ɗaya ɗan Afirka ta Yamma mai suna Matthew Ayariga, wanda aka ce daga Gana yake. Fafaroma Tawadros na Biyu, shugaban ikkilisiyar Kibɗawa, ya sa su cikin littafin tsarkaka da ake karantawa a sujada, aka gina majami'a don tunawa da su a ƙauyen Al-Ur da ke lardin Minya. A 2020 aka kai gawar Matthew can, kusa da abokan mutuwarsa.

'Yan'uwa, mu ma muna da namu matattun. Akwai ikkilisiyoyi a arewa da kujerunsu suka yi giɓi, akwai gwauraye da marayu da ke zuwa sujada kowace Lahadi. Amma daren shiga shekara sai roƙon mota da biza, wani wurin har da kiran wuta a kan maƙiya. Neman buɗi ba laifi ba ne, kowa na da bukata. Ciwon da nake ji shi ne dattijon da aka kashe a hanyar gona shekaru uku da suka wuce, yau ko sunansa ba a ambata.

Ina roƙon fastocinmu da dattawan ikkilisiya, a samu littafi a rubuta sunayen nan, da rana, da wuri. A ware Lahadi ɗaya cikin kaka a karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da zagin kowa ko kiran ramuwa ba. Baikon ranar kuma a raba wa iyalan da suka bari, ko buhun masara ne da kuɗin makarantar yara.