Ku bar yara su yi kuka a kan littafi

Daren jiya 'yata mai shekara 10 ta faɗo min ɗaki, littafi a hannu, ido jawur. "Baba, don me za a kashe ta?" Wallahi sai da gabana ya faɗi, kafin na gane Leslie take nufi, yarinyar cikin Bridge to Terabithia.

Ga wanda bai san shi ba, Katherine Paterson ce ta rubuta shi, ya fito a Amurka a 1977, ya ci lambar yabo ta Newbery a 1978. Jess ɗan talakawa ne, ba shi da buri sai ya fi kowa gudu a ajinsu. Sai ga baƙuwar yarinya ta zo ta tsere masa a gaban jama'a. Wa zai ce waɗannan za su shirya? Amma suka zama tamkar hanta da jini. Ranar da ya fita yawo bai gayyace ta ba, igiyar da suke lilo da ita su haye rafi ta tsinke, ta rasu.

An sha kai ƙorafin littafin nan a makarantu da ɗakunan karatu na Amurka, har da masu cewa mutuwa ta yi wa yara nauyi. Ni dai ban yarda ba. Ita marubuciyar ma ba haka kawai ta ƙago labarin ba. Aradu ce ta faɗa wa ƙawar ɗanta a 1974, yarinya 'yar shekara 8. Mutuwa ba ta tambayi shekarun yaron ba kafin ta ɗauke masa ƙawa, to mu wa muke kārewa da yin shiru? Kanmu, ina ga.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba a mai da Jess waliyyi ba. Da farko cewa ya yi ƙarya ne. Ya watsa fentin da Leslie ta ba shi kyauta a rafi, har ƙanwarsa ya kai wa duka. Haka baƙin cikin yaro yake zuwa, da fushi da ganin laifin kai, mu kuwa manya mu ce rashin kunya ce. Daga baya ne ya samo katako ya yi gada a wurin, ya haye da ƙanwar tasa.

Nima fa ina da laifi. Da kakar 'yata ta rasu shekara biyu da suka wuce, cewa muka yi ta yi tafiya. Yarinya ta yi makonni tana leƙen ƙofa.

Jiyan, bayan ta share hawaye, ta yi shiru can ta ce, "Baba, Kaka ta sha wahala kafin ta rasu?" Ban taɓa jin ta furta kalmar ba. Na jawo mata kujera, muka kai kusan sha biyun dare.