A fito da rubutun ajami mutane su gani

Na ji daɗin wannan labari na yadda laburaren jami'o'inmu ke shirya taruka da baje kolin littattafai, maimakon su zauna shiru sai jarrabawa ta matso ɗalibai su cika su. Allah ya saka wa masu wannan ƙoƙari da alheri.

Roƙona shi ne a saka rubutun ajami a cikin shirin. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, ga kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna a Kaduna, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Ɗalibai nawa ne suka taɓa ganin irinsu ido da ido? Takarda ta yi jajaja don tsufa, baƙaƙen da baƙar tawada, wasulan da ja, ga sharhin malami a gefe da ƙananan haruffa, an adana ta cikin gafaka. Wallahi yaron da ya ga wannan ba zai yarda a ce masa kakanninsa ba su da ilimi kafin zuwan boko ba.

A gayyato malaman zaure su karanta su a bainar jama'a, tunda yawancin 'yan boko ajamin gagararsu yake yi. Ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, ta dace da haka. Sanarwa kuma a kai ta gidan rediyo don mutanen gari su ji su zo.