Kalangu magana yake yi, a daina toshe masa baki

Shekara tara ke nan ina kaɗa kalangu a gidajen biki, kuma yawancin abin da ake kiranmu mu yi ba namu ba ne, na magabata ne. Uwar amarya za ta aiko a ce a yi mata waƙar marigayi Shata, mu kuwa mu ɗauko mu rera. A kan haka muka yi sa-in-sa da ogan ƙungiyarmu makon jiya, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Cewa ya yi in daina wahalar da kaina. In riƙe bugu ɗaya miƙaƙƙe, fiyano ya cike sauran. "Malam, wa zai gane?" in ji shi.

Ni ban taɓa cewa dole sai an kwafi kowane bugu ba. Shi kansa Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, ba ya maimaita waƙa sak yadda ya yi ta jiya. Samu waƙa guda a kaset biyu ka saurara, za ka ji baitoci sun canza, makaɗa kuma suna bin bakinsa duk inda ya karkata. Sannan shi yana da makaɗa da yawa a bayansa, ga 'yan amshi. Mu kuwa ni kaɗai ne mai kalangu. Aikin mutum huɗu ba zai shiga hannu biyu ba, dole in zaɓi abin da zan ɗauka in bar saura. Ga lasifikan zamani masu haɗiye ƙananan bugu, ko ka yi su ba mai ji sai kai. Wannan ragin na yarda da shi, kullum ma ina yin sa.

Inda muka rabu da oga shi ne a kan tsarkiya, wato igiyoyin da ke ɗaure da fatar kalangu. Kalangu ba tukunya ba ce da za ka yi ta ƙwanƙwasa. Yana rataye a kafaɗarka, ka matse tsarkiya murya ta hau, ka sassauta ta sauka, gula, wato sandar kiɗan, na faɗuwa a daidai gaɓar kalma. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka: kukan yaro daban, kukar miya daban, karin sauti ne ya raba su. Shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum, ya yi masa take, ya yi masa kirari, mawaƙi bai buɗe baki ba. In ka daina matsa tsarkiya don hannu ya huta, kalmomi ka goge daga cikin waƙar, ko da ƙarar tana nan.

Na ga wannan da idona a wani bikin mahauta a Zariya. Kowa ya san kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, kunnensu a kai ya tashi. Ranar na kwana biyu ina aiki, hammatata ta yi tsami, yatsuna sun yi kanta, sai na bi shawarar sauƙi. Mata suna fili suna tafi, amma ƙafa ba ta motsi yadda na saba gani. Liƙi ma jefi-jefi. Da muka shiga waƙa ta uku sai kunya ta kama ni, na cije na dawo da matsar a wurin da take fita. Wata dattijuwa da ke zaune a kan tabarma ta ajiye mafici, ta gyara ɗaurin zani, ta shigo fili. Ba ta ko dube ni ba. Jikinta ne ya ji abin da ya sani.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke tasowa. Da yawansu ba su taɓa koyon kiɗan yadda yake ba balle a ce sun rage shi. Abin da aka riga aka tatse suka tarar, suka ɗauka shi ne asali. Ni da biro na riƙa mayar da kaset baya, gaɓa ɗaya sai in saurare ta sau ashirin kafin hannuna ya kama. Wanda ya yi haka, in ya zubar da wani bugu, ya san abin da ya zubar da dalilinsa.

Masu ganguna na zamani ma abin bai bar su ba. Tony Allen, wanda ya riƙe wa mawaƙi Fela Kuti ganga har 1979 kuma ya rasu a Paris a 2020, da ƙananan bugu marasa nauyi ya gina kiɗansa. Je ka otal ka ji yadda ake dukan waƙoƙin nan yanzu kamar ana sussukar gero.

Ranar Asabar muna da ɗaurin aure da walima, an riga an turo jerin waƙoƙi shida. Na faɗa wa oga zan bar masa adon tsakanin baitoci duka, ya cike da fiyanonsa. Amma take da wurin amshi nawa ne, kuma a sa mini makirufo kusa da fata.