Mu nawa ne ma tukuna?

To, masana sun gama yanke hukunci a kan bidiyon nan. Mata biyu sun ba hammata iska a layin bohol saboda jarka ɗaya, ɗankwali ya faɗi, wani marar aikin yi ya ɗauka a waya ya watsa, shi ke nan Jos ta cika da farfesoshi. Rabi na cewa ga sakamakon haihuwa barkatai, rabi na cewa duk wanda ya ambaci yawan jama'a ɗan koren Turawa ne. Sannunku da ƙoƙari. A cikinku babu wanda ya kai wa bayin Allahn nan ko bokiti guda.

Ni tambaya ɗaya gare ni, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji da ni: mu nawa ne? A unguwar da aka yi damben nan, mutum nawa ke sha daga bohol ɗin? A Jos ta Arewa mu nawa? A Najeriya fa? Kar wanda ya ce min miliyan 200 da wani abu, wannan "wani abu" ɗin shi kaɗai ya fi wasu ƙasashe yawa. Rabon da a ƙirga mu tun 2006, lokacin aka ce mu miliyan 140 ne, Filato kuma wajen miliyan 3.2. Jaririyar da aka ƙirga a goye a shekarar, yau wataƙila ita ce ɗaya daga cikin matan da kuke yi wa dariya, da nata goyon. An sa ranar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka horar da ma'aikata, aka sayo na'urori, sai ana saura kwanaki aka ce an ɗage. Tun daga nan sai alkawari. Duk alƙaluman da kuke jifan juna da su kintace ne.

Kuma wannan ciwon ya daɗe. Ƙidayar 1962 soke ta aka yi, aka sake a 1963 aka ce miliyan 55 da ɗoriya, aka yi ta rigima. Ta 1973 ma aka jefa ta kwandon shara. Dalili kowa ya sani: a wurinmu ƙidaya hanyar rabon kuɗin tarayya ce da kujerun majalisa, don haka kowane yanki so yake a ce ya fi yawa ranar rabo. Ranar da za a yi maganar famfo da aji da gadon asibiti kuwa, sai ka nemi masu yawan nan ka rasa.

Uwargida a gidan da ya fi kowane talauci ba ta ɗora tukunya sai ta san bakin da za su ci. Idan baƙi suka sauka, ta ƙara ruwa a miya, ta ƙara gari rabin kwano, ta san yadda za ta yi. Amma ƙasa sukutum an ɗora tukunya ba a san masu ci ba, sannan idan tuwo bai kai ba a ce laifin wanda ya zo da yunwa ne.

Ku masu cewa a rage haihuwa, na ji ku, ku zauna. A 1798 wani Bature mai suna Malthus ya yi irin wannan kukan, ya ce mutane za su fi abinci yawa, yunwa ta gama da su. Lokacin duk duniya ba a cika biliyan ɗaya ba. Aka kai biliyan 3 a 1960, biliyan 7 a 2011, ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an cika biliyan 8. Ga mu nan ana ci ana sha, har wasu ƙiba ke kai su asibiti. Me ya faru? Wasu ne suka zauna suka yi lissafi, suka samo takin zamani, suka gyara irin alkama da shinkafa, suka datse koguna. Kuma don Allah kafin ka zagi mai 'ya'ya takwas da ke wanka da rabin bokiti, leƙa gidanka na Rayfield inda bohol ke ba ciyawa ruwa safe da yamma, yaro na wanke motoci uku da tiyo. Ruwan da ciyawarka ke sha a mako ya ishi gidanta wata guda. Kai ma ba ka cikin masu lissafi.

Ku kuma masu cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, wallahi gaskiya ne, ni ma da wannan imanin aka raine ni kuma a kansa zan mutu. Amma ku buɗe suratu Yusuf. Da aka ga shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari suna tafe, Annabi Yusuf (AS) cewa ya yi a yi noma, a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan a ajiye saura. Akwai wanda ya fi shi tawakkali a cikinku? Ai lissafi ke nan, da rumbu da mudu da sanin yawan masu zuwa awo. Mu mun haddace ƙissar, muna kuka idan liman ya karanta ta a tahajjud, gari ya waye mu koma gina gida a kan hanyar ruwa. Mutanen unguwannin Rikkos da Gangare a nan Jos ba su manta daren Yulin 2012 ba, da ruwa ya biyo ta Lamingo ya tafi da gidaje da rayuka. Je ka duba bakin rafin yau ka gani ko an bar masa hanya.

Na san wani zai ce ai Turawa ne suka cinye duniya. E, sun cinye. Ba'amurke ɗaya na fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya wajen tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba. Mu 'yan Jos ma ba sai an ba mu labari ba, kududdufan kuza da suka bar mana a Bukuru da Barkin Ladi sun isa shaida. Na yarda. To sai me? Ba'amurke ne ya zo ya haƙa bohol biyar a layinku, kowanne ya fi na maƙwabcinsa zurfi, har tsohuwar rijiyar masallaci ta ƙafe? Ina yaro guga ake zurawa da igiya gaba uku a ɗebo ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Yanzu daga watan Fabrairu sai ka ji guga na ƙara a kan dutse, yara su sauka da kofi suna kwalfar laka. Kowa na tsotsa daga ƙasa ɗaya, babu mai rubuta nawa aka zuƙa, nawa damina ta mayar. Birnin Jakarta haka suka yi ta zuƙar ruwan ƙasa har garin ya fara nitsewa, yanzu gwamnatin Indunusiya sabon babban birni take ginawa a wani tsibiri.

Wani kuma zai kawo Sin da Indiya, wai sun fi mu yawa kuma ba su mutu ba. Malam, Sin da kake gani ta san adadin mutanenta har ta hana su haihuwa fiye da ɗaya shekara talatin da biyar, ta soke dokar a 2015 da ta ga tsofaffi na neman fin matasa yawa, yanzu roƙonsu take su haifi uku. Dokar zalunci ce, ban yaba ba, amma da alƙalami a hannu suka yi kuskurensu kuma da alƙalami suka gano shi. Ga Bangladesh nan, ƙasar Musulmi, mutum wajen miliyan 170 a filin da bai kai kashi ɗaya cikin shida na Najeriya ba, kuma kusan duk shinkafar da suke ci su ke noma abarsu. A 2018 da ruwan birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya kusa ƙarewa, ce wa kowa aka yi lita 50 a rana, ana sanar da abin da ya rage a dam kullum, suka tsallake. A nan idan famfo ya ɗauke, ko sanarwa sai ka yi sa'a. Dam ɗin Lamingo da na Shen ba jiya aka gina su ba, an gina su ne don Jos ɗin da ta wuce, bututun ma wasu sun girmi iyayenmu. Unguwanni nawa aka yanka tun daga lokacin?

Maganar gaskiya, abin na ba ni tsoro. Ƙasar nan murabba'in kilomita dubu 923 ce, ko taku ɗaya ba ta ƙaruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke jiran gadonta. Burtali ya zama gona, gona ta zama fuloti. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960 ya janye ya bar kusan kashi ɗaya cikin goma, masunta da makiyayan da suka dogara da shi kuma ba ɓacewa suka yi ba, gangarowa suka yi. Ban ce duk jinin da ake zubarwa a Bokkos da Mangu da Riyom na fili da ruwa ne ba, akwai zalunci, akwai siyasa, akwai ramuwar gayya. Amma duk wanda ya cire fili da mashaya daga maganar yaudarar kansa yake. Kuma hasashen da ake yi shi ne nan da 2050 za mu haura miliyan 350. Waɗannan ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne da jikokinmu, wasunsu ma an riga an yanka musu ragon suna. A ina za su sha ruwa? Wa ya rubuta? Wa ma ya tambaya?

Ku haifi abin da Allah Ya ba ku, ba ni da hurumi a ɗakin kowa. Amma a ƙirga mu, a ƙirga rijiyoyin, a ƙirga itatuwan da ake sarewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin gas ya gagari mutane, gidajen da suka manta da murhu duk sun koma gawayi, kullum motoci na shigowa shaƙe da buhuna, ba wanda ya san dajin da ake ƙonewa ko saura nawa.

Af, tunda an zo kan gawayi, ku masu sayarwa ku ji tsoron Allah. Manya-manya a saman buhu, ka zazzage ka tarar rabinsa gari ne da ƙasa, wani har yayyafa masa ruwa yake don ya yi nauyi. Wanda na saya shekaranjiya sai da maman yara ta shanya shi a tsakar gida kamar kuɓewa kafin ya kama wuta, ga kuɗin ledar ma yanzu daban ake karɓa.