Ya Ce Min Wai Ya Wuce Gafara

Kwana uku ke nan wata magana tana cin raina, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan. Rubutun zai yi tsawo, 'yan'uwa, ku yi haƙuri da ni.

Akwai wani ɗan'uwa da muka daɗe muna sujada tare, sai ya ɗauke ƙafa daga coci, yau kusan shekara biyu. Na san abin da ya faru, ba kuwa zan faɗa ba, don sirrinsa ne. Laifi ne babba, kuma mutanen da suka amince da shi ya cuta. Da muka haɗu na ce masa, "Ɗan'uwa, yaushe za ka dawo?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ai na wuce gafara. Bari in gyara rayuwata tukuna. In Allah ya ga na shiryu, sai in zo."

Maganar ta soke ni, domin ni ma na taɓa yin irinta a zuciyata. Na kuma san da yawa daga cikin masu karanta wannan suna ɗauke da ita a ɓoye, suna waƙa ranar Lahadi amma a ransu suna jin Allah yana riƙe da su. Daga nesa maganar tana kama da tawali'u. Ni dai a ganina ta juya bishara ne ta kifar da ita.

A buɗe Romawa sura 5, aya 6 zuwa 8. Manzo Bulus ya ce da ƙyar a sami wanda zai mutu domin mai adalci, ko da yake wani yana iya ƙarfin hali ya mutu domin mutumin kirki. Amma Allah ya nuna irin tasa ƙaunar da yake Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. Kalmar da nake so a riƙe ita ce "tun". Ba mu riga mun tuba ba, ba mu gyara komai ba, a aya ta 10 ma an kira mu maƙiya. Shi ya fara. Kuma wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake faɗa, domin shi ne Shawulu da aka ajiye riguna a gabansa ranar da aka jajjefe Istifanas, ɗaya daga cikin masu bi na farko, har ya mutu. A kan hanyar Dimashƙu, da takardun kama masu bi a hannunsa, Yesu ya tare shi. Shi Yesu da kansa ya ce masu lafiya ba su bukatar likita sai marasa lafiya. To wa ya taɓa jin majiyyaci ya ce sai ya warke zai je asibiti?

Na san tambayar da ke biyo baya, an sha yi mini ita. Idan Allah Mai Iko Dukka ne, me ya hana shi ya ce "na yafe" kawai a wuce wurin? Me ya kawo gicciye da jini? Amsata a kullum ita ce, mai wannan tambayar ya tuna ranar da ya taɓa yafe abu mai ciwo. Wani ya ci bashinka, ya kasa biya, ka ce ka yafe. Kuɗin sun dawo? Ba su dawo ba. Ramin yana aljihunka, kai ka ɗauki asarar. Wani ya ɓata maka suna, ka ce ba za ka rama ba. Zafin bai gushe ba, kai ka haɗiye shi. Duk inda aka yi gafara ta gaskiya, akwai wanda ya biya, kuma mai yafewar ne.

Abin da tsohon alkawari ya yi ta koya wa Isra'ila ke nan. A Littafin Firistoci sura 16, sau ɗaya a shekara, ranar kafara, ana kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya, ɗayan kuwa babban firist ya ɗora hannuwansa a kansa ya furta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Shekara ta zagayo a sake. Littafin Ibraniyawa ya faɗa fili cewa jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi. Shi ya sa da Yahaya Mai Baftisma ya ga Yesu ya kira shi Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya. Mu Kirista ba mu ce Allah ya kama wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya huce fushinsa a kansa. Mun gaskata Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa, kamar yadda 2 Korantiyawa 5:19 ta koyar. Wanda aka yi wa laifin shi ya sauko ya ɗauki asarar. Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi yake ba da shi da yardarsa.

Mun saba ganin gicciye a wuya da saman gini har mun manta mene ne shi. Hukunci ne da Romawa suka tanadar wa bayi da 'yan tawaye, a bainar jama'a, don a wulaƙanta mutum kafin ya mutu. A zamanin Bilatus, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, aka yi wa Yesu haka a bayan garin Urushalima. A cikin wannan hali ya roƙi Uba ya gafarta wa masu kashe shi. A gefensa akwai ɗan fashi da ya amsa da bakinsa cewa hukuncinsa daidai ne. Mutumin nan hannuwansa a kafe suke. Ba zai iya mayar da abin da ya sata ba, ba zai yi azumi ba, ba shi da gobe da zai nuna ya shiryu. Cewa kawai ya yi a tuna da shi, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Da sai an gyara rayuwa ake zuwa, da wannan mutum bai shiga ba.

Labarin da na fi komawa gare shi shi ne misalin da Yesu ya bayar a Luka sura 15. Ƙaramin ɗa ya nemi gadonsa uban yana raye, wanda kusan cewa ne na gaji da jiran mutuwarka. Ya tafi ƙasa mai nisa ya fatattaka dukiyar, ya ƙare a kiwon alade, aikin da ba wanda ya fi shi ƙasƙanci ga Bayahude. Da ya dawo hayyacinsa ya tsara jawabi: na yi zunubi, ban cancanci a kira ni ɗanka ba, ka ɗauke ni kamar ɗaya daga cikin barorinka. Ku duba da kyau, shirin ɗan'uwana ke nan. Zan zo in yi aiki, in biya a hankali. Amma tun yaron yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje, dattijo da girmansa, ya rungume shi. Yaron ya fara jawabin, bai kai ga maganar barantaka ba uban ya ce a kawo riga mafi kyau da zobe da takalmi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba, kuma sauran namu ne, mu da ba mu taɓa fashin coci ba. Babban wan ya ƙi shiga gida. Ya ce shekara da shekaru yana bauta, ko ɗan akuya ba a ba shi ba. Ko "ƙanena" bai iya cewa ba, sai "ɗan nan naka". Uban ya sake fitowa waje, wannan karon don lallashin babban. Yesu ya tsaya a nan, bai gaya mana ko ya shiga ba, domin Farisiyawa, wato masu tsananin kiyaye shari'ar Yahudawa, masu gunaguni cewa yana cin abinci da masu zunubi ne ke saurare. Da na matsa wa ɗan'uwan nan da tambaya, na gane ba Allah kaɗai yake tsoro ba. Idanunmu yake tsoro, da shirun da za a yi idan ya shigo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan ya ba ni kunya ƙwarai.

A Matiyu sura 18 Yesu ya yi mana lissafi. Wani bawa sarki yana binsa talanti 10,000, ya yafe masa. Ya fito ya shaƙe ɗan'uwansa bawa saboda dinari 100. Dinari ɗaya ladan yinin lebura ne, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000. Wato an yafe masa ladan aikin kwana miliyan 60, shi kuma ya kasa haƙuri da na kwana 100. Duk lokacin da na karanta wurin nan, fuskata nake gani.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Gafara ba lasisin ci gaba da ɓarna ba ce, ba kuma ta share sakamakon abin da aka yi. Annabi Natan ya gaya wa Dawuda Ubangiji ya kawar da zunubinsa na zina da Batsheba da sa a kashe mijinta Uriya, duk da haka jaririn da ta haifa masa ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Zakka mai karɓar haraji, bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa a Yariko, shi ya miƙe ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Karɓa ta fara zuwa, gyaran ya biyo baya. A ranar 17 ga Yuni 2015, wani saurayi ya harbe mutum 9 a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki a cocin Emanuel da ke Charleston a Amurka. Bayan kwana biyu wasu daga cikin iyalan mamatan suka tsaya a kotu, cikin kuka, suka ce sun yafe masa. Shari'a ba ta tsaya ba, a 2017 aka yanke masa hukuncin kisa. Haka nan na gaya wa ɗan'uwana dole ya je wurin waɗanda ya cuta, ya amsa laifinsa ba tare da kame-kame ba, ya mayar da abin da zai iya mayarwa. Suna iya karɓarsa, suna iya ɗaukar shekaru, kuma ba wanda ke da hurumin tilasta musu.

Abu na ƙarshe da muka tattauna shi ne daren da aka kama Yesu. Mutum biyu daga cikin almajiransa suka ci amanarsa, dukansu kuma suka yi nadama. Yahuza ya ɗauki azurfa 30 ɗin da aka biya shi don ya bashe shi ya koma wurin manyan firistoci, ya ce ya ba da marar laifi. Suka ce ina ruwansu. Ya yi ƙoƙarin biya da kansa, a wurin da ba gafara, ya fita ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku a bakin wuta, ya fita ya yi kuka mai zafi. Bayan tashin Yesu, a bakin tekun Tibariya, da aka ce masa Ubangiji ne a gaci, bai jira jirgi ya isa ba, ya faɗa ruwa. A bakin wata wutar aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Yesu, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki, wato kula da masu bi.

Da na gama, ɗan'uwan nan ya daɗe bai ce komai ba. Can ya tambaye ni, in ya zo, a ina zai zauna. Na ce masa kusa da ni, kuma ni zan biyo in ɗauke shi ranar Lahadi da safe. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ku taya ni addu'a ya buɗe ƙofa idan na ƙwanƙwasa.